Na ɗora Linux, allo ya yi baƙi, majigi ya ƙi kamawa: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum malam. Ni ɗalibi ne a nan Samaru. Na sayi laftof ta hannu, Core i5 ce ƙarni na 7, akwai sitikar NVIDIA GeForce kusa da kibod. Da aka ce Windows 10 ta daina samun sabuntawa, Windows 11 kuma ba ta karɓi kwamfutar ba, sai na ɗora Linux Mint 22. Kunnawar farko allo ya yi baƙi ƙirin. Wani abokina ya ƙara wata kalma a wani fayil, ta tashi. To amma yanzu komai ya yi ƙato-ƙato, haske ba ya raguwa ba ya ƙaruwa, fanka sai kuka take in na kunna bidiyo, majigin ajinmu kuma ya ƙi kamawa, ga shi nan da mako biyu zan gabatar da aiki. In je shafin NVIDIA in sauko da direba ne, ko allon ne ya lalace, ko in koma Windows?"

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ka lissafo ƙorafi huɗu, amma a yadda ka siffanta su, ciwo ɗaya ne yake nuna kansa ta wurare huɗu. Kalmar da abokinka ya ƙara kusan tabbas nomodeset ce, kuma ita ce ta tayar maka da kwamfutar, ita ce kuma ta jawo duk sauran. Don haka kada ka sauko da komai daga shafin NVIDIA. Alamu ba su nuna allonka ya lalace ba. Komawa Windows 10 kuma komawa ce ga manhajar da Microsoft ya janye wa tallafin gama-gari tun 14 ga Oktoba 2025, alhali gyaran nan bai fi aikin awa ɗaya ba in akwai wuta da data.

Abin da ke faruwa a cikin kwamfutar

Laftof irin taka katin hoto biyu gare ta, wato na'urar da ke zana abin da kake gani a allo. Ɗaya na Intel ne, yana cikin furosesar kanta, shi ne mai cin wuta kaɗan, kuma a yawancin irin waɗannan kwamfutoci shi ke haɗe da allon kai tsaye. Na biyun na NVIDIA ne, ana tashinsa in aiki ya yi nauyi. Wannan tsarin sunansa Optimus, tun 2010 yake kasuwa. Kowane kati yana bukatar direba, wato manhajar da ke fassara tsakanin katin da sauran kwamfutar.

A nan ne wanda ya taso da Windows yake yin tuntuɓe. A can an saba, in an gama ɗora Windows sai a shiga farautar direbobi ɗaya bayan ɗaya. A Linux yawancinsu suna cikin kanel, wato zuciyar manhajar, tun daga ranar farko. Direban Intel, mai suna i915, yana nan. Na AMD, amdgpu da radeon, suna nan. Mai katin Intel ko AMD kaɗai ba shi da abin saukowa, sabuntawa ta yau da kullum ta ishe shi. NVIDIA ne ya fita daban. Wanda ke zuwa da Linux sunansa nouveau, masu aikin sa-kai ne suka rubuta shi ta hanyar nazarin yadda katin ke aiki, ba tare da cikakken bayanin kamfanin a hannunsu ba. Aiki ne na a yaba, amma a kan wasu katunan laftof yakan cije tun wajen tashi. Wannan shi ne baƙin allon da ka gani ranar farko.

Ita kuma nomodeset abin da take ce wa kanel shi ne: kada ka bar direbobin hoto su karɓi allon, ka tsaya a kan ɗan tsarin da BIOS ya bari, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Linux. Matsalar ita ce ba nouveau kaɗai take hanawa ba, har da i915 wanda bai yi laifin komai ba. Kamar motar da aka ɗaure da igiya ake ja zuwa gareji ce: tana tafiya, amma injinta bai tashi ba. Tun da babu direba, babu mai tambayar allon yawan ɗigon da yake iya nunawa, shi ya sa komai ya kumbura. Babu mai riƙe da hasken allo. Babu mai lura an soka waya a HDMI, balle majigi ya kama. Zanen hoto da bidiyo kuma duk ya koma kan furosesa, ta ɗauki zafi, fanka ta kama kuka.

Ka tabbatar kafin ka taɓa komai

Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, da Ctrl+Alt+T, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

cat /proc/cmdline

inxi -Gx

Na farkon zai nuna maka layin da kanel ya tashi da shi. In ka ga nomodeset a ciki, hasashena ya tabbata. Na biyun zai jero katunanka, Device-1 da Device-2, kowanne da sunansa da direban da ke riƙe da shi. A halin da kake ciki za ka ga N/A a gaban kalmar driver, can ƙasa kuma ka ga llvmpipe. Duk inda ka ga llvmpipe, ma'anarsa furosesa ce ke zana hoto, katin yana zaune ba ya aikin komai. Ka rubuta cikakken sunan katin NVIDIA a takarda, domin shi zai yanke hukuncin wane direba ya dace da kai. Da i5 ƙarni na 7, sau da yawa 940MX ake samu, ko 930MX, ko GTX 1050, amma abin da inxi ya faɗa shi ne abin riƙo, ba sitika ba.

Sai shiri guda biyu da nake roƙonka kada ka tsallake. Ka buɗe Timeshift, yana cikin Mint, ka ɗauki hoton tsarin kwamfutar yadda take a yanzu, ta yadda in abu ya ɓaci za ka iya dawo da ita. Sannan ka duba batir. Laftof ta hannu sau da yawa batirinta ba ya kai minti arba'in, direban NVIDIA kuma ɗaruruwan megabait ne, bayan ya sauka ma sai an ɗauki wasu mintuna ana haɗa shi da kanel. A cikin kwamfutocin da ke zuwa hannuna da baƙin allo bayan saka direba, da dama ba direban ne ya ƙi ba, wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar aiki, batir ya mutu, aka bar rabin direba a ciki. Ka yi aikin a inda ka tabbata da wuta, ko batirin yana cike.

Gyaran kansa

Fara da Update Manager, ka karɓi duk sabuntawar da ke jira, ka sake kunna kwamfutar. Daga nan ka buɗe Driver Manager. Zai jero maka nouveau da wasu masu suna nvidia-driver da lamba a gaba, ɗaya daga ciki an yi masa alamar recommended. Shi za ka zaɓa.

Lambar nan tana da muhimmanci, kuma mafi girma ba shi ne mafi dacewa ba. NVIDIA yakan yaye tsofaffin katuna, ya bar su a kan wani reshe na direba. Katunan zuriyar Maxwell da Pascal, irin 940MX da MX150 da GTX 1050, reshen 580 ne na ƙarshe da ke ɗaukarsu. Na zuriyar Kepler, irin GT 740M, sun tsaya a 470. Na zuriyar Fermi, irin NVS 4200M da NVS 5200M da ke cikin tsofaffin Dell Latitude E6420 da E6430, waɗanda har yanzu suke hannun ɗalibai da yawa, sun tsaya a 390, kuma wannan ba ya cikin rumbun Ubuntu 24.04 wanda Mint 22 ta ginu a kai. Mai irin wannan tsohon katin, shawarata ya bar NVIDIA ɗin ya huta, ya zauna a kan Intel. Akwai kuma masu ɗauke da open a ƙarshen sunansu: waɗannan sai kati daga zuriyar Turing zuwa sama, wato GTX 16 da RTX 20 da na bayansu. In ka saka shi a kan 940MX ba zai tashi ba.

Dalilin da ya sa na hana ka fayil ɗin shafin NVIDIA, mai ƙarewa da .run, shi ne yana zuba kayansa a cikin kwamfutar ba da sanin apt ba, wanda shi ke riƙe da lissafin duk abin da aka saka. Yau zai iya aiki. Ranar da sabuntawa ta zo ta taka wasu fayilolinsa, sai ka kunna ka tarar da baƙin allo, kuma cire shi ya fi saka shi wahala ga sabon shiga.

Bayan Driver Manager ya gama, kada ka sake kunnawa tukuna. Sai ka cire kalmar abokinka:

sudo nano /etc/default/grub

Nemi layin da ya fara da GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT. A cikin alamar zance za ka ga quiet splash nomodeset. Goge nomodeset kaɗai, ka bar sauran da alamar zancen yadda suke. Danna Ctrl+O, Enter, sannan Ctrl+X. Sai ka rubuta:

sudo update-grub

Wannan layin ne mutane suka fi mantawa. In ba ka yi shi ba, gyaran da ka yi a fayil bai isa wurin tashi ba, za ka ga kamar ba abin da ya canza. Yanzu sake kunna ta.

Ka zuba ido sosai a wannan kunnawar. In Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da sa-hannunta ba tashi, yana kunne a BIOS, za a iya neman ka ƙirƙiri wata kalmar sirri lokacin saka direban, sannan wajen tashi wani shuɗin allo ya fito yana maganar MOK. Daƙiƙa goma kawai yake jira. Danna kowane maɓalli, zaɓi Enroll MOK, Continue, Yes, ka rubuta kalmar sirrin nan, ba za ka ga haruffan suna fitowa ba, sannan Reboot. Abin da kake yi shi ne gabatar wa BIOS da sa-hannun direban don ya yarda da shi. Wanda ya tsorata da shuɗin allon ya bari ya wuce, direban zai zauna a kwamfutar amma kanel ba zai ɗauke shi ba. In hakan ta faru da kai, mokutil --sb-state zai faɗa maka ko Secure Boot na kunne, sai ka shiga BIOS ka kashe shi: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Amma in akwai Windows mai BitLocker, wato makullin da ke rufe bayanan da ke cikinta, a gefe ɗaya na kwamfutar, ka nemo mabuɗin cetonta ka ajiye kafin ka taɓa wannan, domin za ta iya tambayarsa.

In ta tashi, maimaita inxi -Gx. Ya kamata ka ga i915 a gaban Intel, nvidia a gaban ɗayan, llvmpipe kuma ta ɓace. Umarnin nvidia-smi zai fito da ɗan tebur mai sunan katin da zafinsa. Kusa da agogo za ka ga alamar zaɓen kati. Ka bar shi a On-Demand, wato Intel ya riƙe aikin yau da kullum, NVIDIA sai an kira shi. Ga mai karatu da rubutu a ɗakin kwanan ɗalibai inda wuta ba ta da tabbas, bambancin batir tsakanin wannan da barin NVIDIA a kunne kullum ba kaɗan ba ne.

In allon ya sake yin baƙi

Kada ka ɗauko filash ka sake ɗora Mint, kwamfutar tana raye a bayan duhun. Danna Ctrl+Alt+F3, a wasu laftof sai ka haɗa da Fn. Za ka ga baƙin shafi yana neman sunanka da kalmar sirri. Shiga. In kana bukatar intanet, soka wayarka da kebul ka kunna raba data ta USB, yawanci tana kamawa da kanta. Fara da df -h ka duba layin da ya ƙare da alamar / ita kaɗai. In ya nuna 100%, wurin ajiya ne ya cika, kuma wannan kaɗai yana hana shafin shiga fitowa. Umarnin sudo apt clean zai ɗan buɗe wuri. In ba wannan ba ne, ɗinke abin da ya yanke:

sudo dpkg --configure -a

sudo apt --fix-broken install

In har yanzu ya ƙi, cire direban gaba ɗaya da sudo apt purge '*nvidia*' sannan sudo reboot. Wajen tashi ka riƙa danna Esc, ko ka riƙe Shift in tsohon BIOS ne, har jerin GRUB, wato shafin zaɓen abin da kwamfuta za ta tashi da shi, ya fito. Danna e, nemi layin da ya fara da linux, bayan quiet splash ka rubuta nouveau.modeset=0, ka danna F10. Wannan ita ce kalmar da ya kamata abokinka ya sa tun farko. Tana kwantar da nouveau shi kaɗai, ta bar Intel yana aikinsa, don haka allo da haske duk suna dawowa daidai. In ta yi maka, ka mayar da ita ta dindindin a fayil ɗin grub yadda na nuna a sama. Gaskiya ga wanda ba ya wasan gem, ba ya haɗa bidiyo mai nauyi, wannan ma mazauni ne mai kyau, ba dole sai NVIDIA ya tashi ba.

A jerin GRUB ɗin akwai Advanced options, inda ake ajiye tsofaffin kanel. Duk ranar da allo ya rikice bayan sabuntawa, tashi da wanda ya gabata shi ne gwaji na farko. Kuma ka riƙa canza abu ɗaya, ka sake kunnawa, ka duba, kafin ka taɓa na biyu. Wanda ya kwafo umarni biyar daga wurare biyar ya zuba a lokaci ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in ta ƙara ɓaci kuma mai taimakonsa ma sai ya sha wahala.

Maganar majigi

Da direba ya tashi, sau da yawa majigi yakan kama da kansa. Kunna majigin tukuna, soka waya, ka danna maɓallin tambarin Windows tare da P, ko ka buɗe Display a cikin saituna ka zaɓi nuna abu ɗaya a fuska biyu. In shiru, rubuta xrandr. Za ka ga eDP-1, allon laftof ke nan, da HDMI-1, kowanne da connected ko disconnected a gabansa. In waya tana soke amma ya ce disconnected, ka zargi wayar ko adafta kafin ka zargi Linux. A wasu laftof kuma, musamman na gem, ramin HDMI da katin NVIDIA yake haɗe, don haka ba zai yi aiki ba in an kashe katin gaba ɗaya.

Yawancin majigan da suka daɗe a azuzuwa VGA ne, mai shuɗin kai da ƙafa 15, laftof ɗinka kuwa HDMI gare ta. Adaftar da ke tsakani ba waya ce kawai ba, akwai ɗan guntun lantarki a cikinta da ke juya saƙon, kuma hanya ɗaya take bi: ta HDMI zuwa VGA ba ta aiki a juye. Wutarta daga ramin HDMI take sha, wasu laftof kuma ba sa ba da isasshiya. In za ka saya a PZ ko Sabon Gari, nemi mai ƙaramin ramin USB a gefe na ƙarin wuta, ka tafi da laftof ɗin a gwada a gabanka.

Akwai wata matsalar da ke rikita mutane: majigi ya kama, amma ya maƙale a 1024x768. Kowane allo yana aiko wa kwamfuta da bayanin kansa, ana kiransa EDID, kuma a wayar VGA ta ƙafa ta 12 da ta 15 yake bi. Leƙa kan wayar da tocilar wayarka. Doguwar wayar aji da aka yi shekaru ana sokawa ana zarewa, za ka iya tarar da ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ta kwanta a jikin 'yar uwarta, ko ta karye. Hoto zai fito, amma kwamfuta ba ta san da wa take magana ba, sai ta zaɓi mafi ƙarancin da ta san kowa na ɗauka. Canza waya ya fi komai sauƙi. Ka kuma sani tsofaffin majigai da yawa iyakarsu ke nan, 1024x768, ba wani direba da zai ƙara musu. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka nemi izini ka gwada da ainihin majigin ajin kwana biyu ko uku kafin ranar, ka kuma ajiye aikinka a filash a matsayin PDF.

Yaushe ne laifin na ƙarfe ne

Direba ba ya fara aiki sai Linux ta soma tashi. Saboda haka duk aibin da ka gani tun a tambarin kamfani ko a cikin shafin BIOS, layi-layi, ko rabin allo ya yi fari, ko launi ya juye, ba na direba ba ne. In hoton yana rawa ko yana ɗaukewa lokacin da kake buɗe murfi da rufewa, siririyar wayar da ta ratsa ta maƙalar murfin ce ta gaji, masu gyara suna ce mata fileks, kuma canza ta ya fi canza allo araha nesa ba kusa ba. In allo ya yi duhu amma ka haska tocila dab da shi ka hango inuwar rubutu, fitilar bayan allon ce ta mutu. In ka haɗa da talabijin ta HDMI hoto ya fito tsaf, katin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana murfi.

Ita kuma fanka, in ta ci gaba da kuka bayan direba ya daidaita, rubuta sensors ka ga zafin furosesa. Kwamfutar da ba ta aikin komai amma tana haura digiri 70, ko take kaiwa 90 da ɗan bidiyo, ƙura ce ta toshe ta. Ƙurar hunturun Zariya takan taru a bakin mafitar iska ta zama kamar auduga, sai bazara ta zo a Maris da Afrilu ta tarar da ita a haka. Zafin nan yana sa hoto ya daskare ko kwamfuta ta mutu da kanta, mutum ya yi ta canza direba a banza. A buɗe a share fankar, a canza man da ke kan furosesa da katin, kuma ka daina ɗora ta a kan katifa.

Daga nesa nake ba ka amsa, bisa abin da ka siffanta, kuma ba ka faɗi samfurin laftof ɗin ba. In ka bi matakan nan haske kaɗai ya ƙi, gwada acpi_backlight=native a layin GRUB ta hanyar danna e, kafin ka mayar da shi na dindindin. In allo yana ƙyaftawa jefi-jefi a kan Intel, gwada i915.enable_psr=0 haka nan. In kuma wani abu daban ya ɓullo, turo mini samfurin da ke rubuce a ƙasan laftof ɗin, da abin da inxi -Gx da cat /proc/cmdline suka nuna, da sakamakon journalctl -b -p err, ko da hoton allo ne ka ɗauka da waya, sai mu duba tare. Allah Ya ba da sa'ar gabatarwa.